Musa Ya Saurari Surukinsa: Canji da Tawali'u a Wurin Aiki

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Fitowa sura 18. Idan akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a buɗe wurin, iyali duka su bi tare da mu.

Mu da muke zaune a Uke da ƙauyukan da ke bakin hanyar Keffi zuwa Abuja, ba sai an koya mana abin da ake kira canji ba. A shekara ta 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni, a ranar 12 ga Disamba 1991 kuma aka ƙaura daga Legas. Gonakin doya da dawa na Gbagyi da maƙwabtansu suka zama ofisoshi da gidajen haya. 'Ya'yan manoma suka koma direbobi, masinjoji, masu gadi, magina da akawuna, suna tashi tun asuba su bi ta Masaka da Mararaba da Nyanya don kada cunkoson motoci ya sa su makara.

Aikin da aka samu ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A ƙarshen 2005 bankuna 89 suka dunƙule suka zama 25, ma'aikata da yawa suka rasa kujerunsu. A 2006 aka hana 'yan acaɓa aiki a tsakiyar birnin Abuja. Daga 2007 gwamnatin tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin kwamfuta. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya cinye rabon abinci a gidaje da dama. Ba ma cewa dukan waɗannan an yi su da adalci. Wanda aka karɓe gonar kakanninsa ba a biya shi yadda ya kamata ba, yana da iko ya yi kuka, ya kuma nemi hakkinsa. Tambayarmu ta yau dabam ce: sa'ad da tsohuwar hanyar aiki ta daina amfani, yaya mai bi zai yi, musamman idan shi ne ke gaba?

Ku dubi Musa. Ya fito da jama'a daga Masar, amma yana shari'a kamar mai kula da gida ɗaya. Yakan zauna tun safe har yamma, mutane suna tsaye kewaye da shi, kowa da ƙararsa. Ba mugunta yake yi ba. Aiki ne ya yi girma, hanyar yinsa kuwa ba ta girma ba. Sai Yetro surukinsa, firist na Madayana, ya kawo ziyara. Kwana ɗaya ya kalli abin, ya faɗa masa a fili cewa wannan hanya za ta gajiyar da shi, ta gajiyar da jama'a. Ya ba shi shawara ya zaɓi mutane masu iyawa, masu tsoron Allah, masu gaskiya, waɗanda ba sa karɓar toshiya, ya sa su bisa dubu, bisa ɗari, bisa hamsin da bisa goma. Ƙananan matsaloli su ƙare a hannunsu, manya kaɗai su iso wurinsa.

A nan ne muke so mu daɗe kaɗan. Wane ne Yetro? Baƙo ne, ba Ba'isra'ile ba. Bai tsaya gaban Fir'auna ba, bai ratsa teku ba. Musa yana da amsa a shirye in da ya so: wa Allah ya yi wa magana a cikin kurmi mai cin wuta, ni ko kai? Da yawa cikinmu da haka za mu amsa. Amma Musa ya ji, ya aikata. Abin da ya bayar kuwa ba ƙarami ba ne. Daga ranar, akwai shari'un da za a yanke bai sani ba, akwai masu godiya da za su kai godiyarsu wani wuri. Wannan ne yake yi wa shugabanni zafi, ko a ofis, ko a garejin makanikai, ko a majalisar dattawan ikilisiya.

Mun san irin ogan da yake kulle fayil a durowarsa domin kada a yi kome in ba ya nan. Mun san wanda ya ga yaron da ke ƙarƙashinsa ya iya kwamfuta, maimakon ya ce, zo ka koya mini, sai ya nemi a yi wa yaron canjin wurin aiki. Mun san maigidan shago da yaronsa ya yi shekara bakwai yana koyon aiki, har yanzu bai nuna masa inda ake sayo kaya ba. Sukan ce suna kare aiki ne. Tsoro ne kawai, tsoron ranar da za a gane ana iya yi ba tare da su ba. Abin baƙin ciki, wasunsu su ne ke karanta nassi ranar Lahadi.

Musa bai tsaya a wannan ba. A Littafin Ƙidaya sura 11, Eldad da Medad suka yi annabci a cikin zango, Joshuwa ya so a hana su saboda kishin maigidansa, Musa ya ƙi, ya ma yi fatan dukan jama'a su sami Ruhun. A sura 27 ya ɗibiya hannu a kan Joshuwa a gaban Ele'azara firist da taron duka, yana sane cewa shi kansa ba zai shiga ƙasar ba.

Irin wannan ya faru a ƙasarmu. Mishan ta SIM, wadda ta soma a 1893, ta ga an kafa ECWA a 1954. A 1976 ta miƙa wa ECWA ayyukan da ke hannunta a Nijeriya, turawan da suka rage suka ci gaba da hidima a ƙarƙashin shugabancin 'yan ƙasa, waɗansunsu ɗaliban da suka koyar ne. Wanda ya bi hanyar nan tamu zai wuce Jami'ar Bingham, wadda ECWA ta kafa a 2005, kusan shekara talatin bayan miƙa ragamar.

Ga ƙaramin ma'aikaci ma akwai magana. Yetro bai zagaya zango yana gunaguni ba, wurin Musa ya tafi, ya kuma kawo mafita tare da gyaran. Idan ka ga hanya mafi kyau, nemi lokacin da oga yake shi kaɗai, ka faɗa da ladabi. Idan kuma kai aka ɗora bisa goma, ka tuna da sharuɗan da aka lissafa, musamman na toshiya, gama a ƙananan tebura ne talaka ya fi haɗuwa da ita.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu buɗe Nehemiya sura 5, mu ga gwamnan da ya yi shekara 12 bai karɓi kuɗin abincin gwamna ba.