Benz a farashin Corolla: lissafin da ya kamata ka yi a wayarka kafin ka biya

Yau za mu ɗan ajiye maganar wayoyi mu leƙa kasuwar motoci, amma wayar dai ita ce za ta yi mana aikin.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani abokina da muka tashi tare a Boko ta ƙaramar hukumar Kusada. Allah Ya buɗa masa a harkar intanet, sai ya turo mini hoton wata Mercedes C300 daga Jiji, ya ce, "Mutumina, duba mini wannan. Kuɗinta ɗaya da Corolla, ka ga ai ba a tsaya shawara ba." Na ce ya ba ni kwana biyu, bai jira ba. Wata bakwai motar ta yi tana kai shi Kankiya da Katsina cikin ƙasaita. Yanzu tana ƙarƙashin bishiyar bedi a ƙofar gidansu, an lulluɓe ta da tampol, ana jiran kayan giya da kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihunsa.

Ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa na ga ya dace mu yi lissafin tare.

Me ya sa motar manya take karyewa da wuri?

Kowa a nan ya san yadda iPhone take. Ranar da sabuwa ta fito, ta bara ta faɗi a Farm Centre. Haka motocin alfarma suke. Mai sayen sabuwar BMW 7 Series ko Mercedes S-Class a Amurka ko Jamus yana biyan kuɗin suna ne da kuɗin yayi. Da yawansu ma hayar shekara uku suke ɗauka, wa'adi na cika su mayar su karɓi sabuwa. Sai kasuwa ta cika da tsofaffin, ga shi masu kuɗin ba sa son tsohuwa, talaka kuma yana tsoron gyaranta. Shi ya sa manyan motoci irin waɗannan sukan rasa rabin darajarsu ko fiye cikin shekara biyar, alhali Corolla da Hilux suna riƙe tasu.

Abin lura shi ne: kuɗin motar ne ya faɗi, kuɗin kayan gyaranta bai faɗi ba. Fitila, giya, ƙwaƙwalwar mota da sensa-sensa duk suna nan a farashin mai hali. Wasu Range Rover da S-Class a kan jakar iska suke tafiya maimakon sifirin na ƙarfe. Ranar da jaka ɗaya ta fashe a ramukan hanyoyinmu na damina, za ka wayi gari ka tarar mota ta durƙusa kamar raƙumi.

Ribar da ba riba ba

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Za ka ji mutum ya ce, "Ai a Najeriya mota ba ta faɗuwa, na saya miliyan bakwai na sayar sha biyu." A naira gaskiya ya faɗa. Amma mu buɗe kalkuleta.

A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. A watan Yunin shekarar Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, zuwa ƙarshen 2024 dala tana wajen naira 1,600. To a ce ka sayi mota naira miliyan 7.5 a farkon 2023, dala 10,000 ke nan. Ka sayar da ita naira miliyan 12 a ƙarshen 2024, dala 7,500 ke nan. A ido ka ci ribar miliyan huɗu da rabi, a zahiri ka yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ba mu sa kuɗin mai da na bakanike ba. Hujjar ita ce, kuɗin da ka karɓa ba za su sake saya maka irin motar da ka shigo da ita ba.

Dalili kuwa, duk motar da muke kira 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam da kuɗin waje ake sayo ta, da kuɗin waje ake biyan jirgin ruwa, kuma kuɗin fito na Kwastan ma da canjin dala ake lissafa shi. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wanda ya shafi tsohuwar hanyar Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya da mutanen Katsina suka saba da ita. A 2022 kuma Kwastan suka koma ƙiyasta kuɗin fito da lambar VIN. Duk waɗannan sun ɗaga farashin naira, amma ba su hana motar tsufa ba.

Idan lissafin dala bai kwanta maka ba, auna da abin da muka sani a gida: buhu nawa na masara ko bijimi nawa kuɗin motar za su saya ranar da ka biya, nawa kuma za su saya ranar da ka sayar?

Man fetur ma yana da bakin magana

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Zuwa Oktoban 2024 ya haura naira 1,000 a wurare da dama. Mota mai injin V6 irin GLK 350 takan sha kamar lita 12 a kilomita 100, Corolla kuma kamar lita 8. Idan kana yin kilomita 1,500 a wata, bambancin lita 60 ne. A naira 1,000, dubu 60 ke nan kowane wata, dubu 720 a shekara. Mai saye na gaba ma ya san wannan lissafin, shi ya sa zai taya maka ita a wulaƙance.

Wannan ne kuma ya sa Lexus ES 350 da RX 350 suka fi takwarorinsu na Jamus riƙe daraja a wajenmu. Su ma suna shan mai, amma Lexus ta Toyota ce, injin ES 350 irin na Camry V6 ne. Kayanta suna nan a Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma bakanike na Kankiya ba zai tsaya yana kallonta kamar baƙuwa ba.

Abubuwa huɗu da wayarka za ta yi maka

1. Karanta lambar VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, za ka gan su a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofa. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, harafi na goma shi ne shekarar mota: A na nufin 2010, B 2011, C 2012, har zuwa F 2015. Ana sauya wa tsohuwar mota fitilu da bamba a ce da kai sabon yayi ce. Fuska tana ƙarya, VIN ba ta yi, sai dai ka tabbatar ta gilashi da ta ƙofa da ta takarda duk ɗaya ce.

2. Saka lambar a Google. Motoci da yawa daga gwanjon Copart da IAA na Amurka ake sayo su, inda kamfanonin inshora suke sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan a intanet. Rahoton Carfax na kuɗi ne, amma yana nuna tarihin haɗari da milolin da aka rubuta, sai ka gane ko an mayar da mita baya. Motar da ruwa ya taɓa shiga, ka guje ta ko nawa ce, domin wayoyinta a hankali suke ruɓewa.

3. Sayi ƙaramar na'urar OBD2 mai Bluetooth. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da ramin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Haɗa ta da manhajar Torque ko Car Scanner, za ta nuna maka matsalolin injin. Idan ka ga babu matsala ko ɗaya amma gwaje-gwajen motar suna nuna ba su kammala ba, akwai yiwuwar yanzu aka goge su don zuwanka. Ka sani fa, ƙaramar na'urar injin ta fi gani. Giya da birki da jakar iska na Benz ko BMW sai babbar kwamfutar masu gyara.

4. Buɗe Google Sheets ka rubuta layi biyar: kuɗin saye, man shekara, baƙin mai da taya, ajiyar gyara, da abin da kake tsammanin samu in ka sayar bayan shekara biyu, a dala. Kafin ka cike layin gyara, kira mai kayan gyara ka tambayi farashin giya da fitila ɗaya da shokazoba na wannan motar. Amsarsa kaɗai ta isa ta sauya wa mutum ra'ayi.

Sannan ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura wa kowa kafin alƙalami saboda hoto. Je ka gani da idonka, tare da bakanikenka ba na dillali ba, kuma a tantance takardar Kwastan kafin kuɗi su bar asusunka.

Kammalawa

Ban ce kada kowa ya hau Benz ba. Wanda yake da abin riƙe ta, yana kusa da masu gyaranta a Kano ko Kaduna, Allah Ya sa alheri. Amma idan duk abin da ka tara ne zai tafi a kuɗin saye, to ba motar ka saya ba, ɗawainiyarta ka saya. Abokina yanzu a kan tsohon babur ɗinsa Boxer yake zuwa Kankiya. Duk wanda ya zo taya motar kuma, tambayarsa ta farko ita ce nawa ne gyaran giya.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in sha Allah.