Da Wane Mudu Ake Auna Jinyar Wanda Likita Ya Ce Ba Zai Warke Ba?

Duk wanda ya daɗe da zama a Birikiteri ko Elig-Edzoa ya san baƙon jirgin safe. Jirgin ƙasa ya kwana yana tafe daga Gaundare, gari na wayewa sai ka ga an sauko da wani dattijo ana riƙe da shi ta hammata, ɗansa na biye da tabarma da buta da wata jakar leda cike da takardun asibiti. An gwada Garwa, an gwada Gaundare, an ce a zo Yawunde wurin manyan likitoci. Kusan kowane gida a unguwannin nan ya taɓa sauke irin wannan baƙo. Wasu Allah Ya ba su lafiya sun koma da ƙafafunsu. Wasu kuwa likita kan ja mai masauki gefe ya ce masa, "Ku koma da shi gida." To, a kan waɗannan na biyun nake son mu ɗan tattauna, domin ni ma na taɓa zama mai masaukin.

A shekarar 2019 kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya sauka a gidana da ciwon daji na hanta wanda ya riga ya ci ƙarfinsa. Muka kai shi wani asibitin kuɗi da ba zan faɗi sunansa ba. Gini ne mai kyan gani, ƙasa sai sheƙi take, har da talabijin a ɗaki. Kullum safiya a miƙo mana ordinans, in ruga farmasi in sayo, a ɗaura masa ƙarin ruwa. Mu kuwa muna ganin leda na rataye ruwa na ɗiga, sai hankalinmu ya kwanta, mu ce ai ana aiki. Amma da dare ya raba Kawu sai ya ciji gefen zanen gado don kada mu ji nishinsa. Mutumin da ya shekara talatin yana fataucin shanu bai taɓa cewa wayyo ba. Mun yi kusan mako uku a haka, albashina na wata biyu ya tafi, babu wanda ya tambaye shi ko ya sami barci, babu kuma wanda ya gaya mana gaskiyar abin da ke damunsa. Kyan ɗan maciji ke nan.

Ni malamin makaranta ne, aikina ke nan auna ƙoƙarin yara. Tun a kwalejin horon malamai aka koya mana cewa idan ka yi wa yaro tambayar da ba ita ce ta dace ba, to makin da ka ba shi ƙarya ne, ko da ka yi lissafinsa daidai. Abin da ya same mu ke nan. Mun auna asibiti da ma'aunin mai neman warkewa, wato yawan allura da yawan gwaji da kyan gini, alhali kuwa Kawu ya wuce nan. Bukatarsa ita ce ya kwana ba ciwo, ya san inda aka kwana, ya kintsa al'amuransa.

Irin wannan jinya tana da sunanta, tana da iliminta. Da Faransanci ana ce mata soins palliatifs, gidan da aka keɓe dominta kuma Turawa na kiransa hosfis. Mu sai mu ce jinyar sassauci. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin jinya kafin ta zama likita, ita ce ta buɗe gidan St Christopher's a Landan a 1967. Ta koyar da cewa ciwon mai doguwar jinya ba a jiki kawai yake ba: akwai na jiki, akwai na zuciya, akwai na tunanin iyali da abin da za su ci, akwai na tsakanin bawa da Ubangijinsa, kuma kowane ɗaya yana ƙara wa saura zafi. A nan Afirka, Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa Hospice Africa a Kampala ta ƙasar Yuganda a 1993, ta kuma ɗora aikin a kan bin majinyata har gidajensu. A Kamaru an fara shi a asibitin Baptis na Banso da ke Kumbo a 2006, a nan Yawunde kuma asibitin Saint Martin de Porres da ke Mvog-Betsi ya buɗe sashe na musamman dominsa. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri cewa wannan jinya wani ɓangare ne na aikin lafiya da ya wajaba ƙasashe su tanada. Amma a ƙididdigar hukumar, cikin mutane kusan miliyan 57 da ke bukatarta kowace shekara, kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu.

Tunda abin ya yi ƙaranci haka, wani zai ce, Malam, wanda bai samu ba ina shi ina zaɓe? Ni kuwa na ce saboda ƙarancin ne ma ya kamata mu san mai kyau, don kada a riƙa sayar mana da ƙarin ruwa da sunan jinya.

Ma'aunin kuwa akwai shi, kuma a Afirka aka tsara shi. Ƙungiyar jinyar sassauci ta Afirka, APCA, mai hedikwata a Kampala, ta fitar da tambayoyi 10 da ake yi a bakin gado: 7 ga majinyaci, 3 ga mai jinyarsa. Kowace amsa daga sifiri zuwa biyar, kuma wanda bai yi boko ba sai ya nuna da yatsun hannu. Ana tambayar majinyaci yadda ciwo ya kasance a kwana ukun da suka wuce, da sauran abubuwan da ke damun jiki kamar amai da tari da rashin bayan gida, ko yana cikin damuwa, ko ya sami wanda zai faɗa wa abin da ke ransa, ko yana jin rayuwarsa na da daraja, ko zuciyarsa a kwance take, ko kuma an taimaka wa iyalinsa su shirya wa gaba. Mai jinya kuma a tambaye shi ko an yi musu bayani isasshe, ko yana jin zai iya kula da majinyacin, da irin damuwar da iyali ke ciki. Bayan 'yan kwanaki a sake tambaya a gani ko makin ya motsa. Abin da ya burge ni a matsayina na malami shi ne, a wannan jarrabawa majinyaci ne ke riƙe da jan biro. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mu fara da ciwo, don shi ne uwa uba. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku: a fara da magani mai sauƙi irin su farasitamol, in bai yi ba a hau zuwa irin su kodin, in ciwon ya tsananta a ba da mofin. Ta baki ake so a ba da shi in dai majinyaci na iya haɗiya, kuma bisa agogo, ba sai mutum ya yi kururuwa ba. Ruwan mofin da ake sha, duk bayan awa huɗu ake ba da shi, da awon da likita ya rubuta. A Yuganda ana haɗa shi ne da garin magani da ruwa, a sa masa launi don a bambance mai ƙarfi da marar ƙarfi, kuma tun 2004 ƙasar ta yarda ma'aikatan jinya da aka horar su riƙa rubuta shi, saboda likitoci ba su isa ko'ina ba. Duk da arharsa, wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya gano a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin ɗari na mofin da ake rarrabawa a duniya.

Na san abin da zai zo wa mai karatu a rai, domin ni ma ya zo mini. Mun ga abin da taramol ya yi wa samarinmu 'yan acaba, har mutum na jin an ce magani mai ƙarfi sai gabansa ya faɗi. Ƙanwata ma cewa ta yi, "Yaya, so kake Kawu ya cika yana maye, ya kasa kalmar shahada?" Tambaya ce mai nauyi. Amma abin da idona ya gani shi ne, ciwon ne ya hana shi salla da zikiri. Da aka daidaita masa awo, ya yi gyangyaɗi kwana biyu, a na uku ya nemi a ba shi ƙasa ya yi taimama. Saboda haka in ka je wurin da ke cewa suna wannan jinya, tambaye su kai tsaye: kuna da mofin na sha a hannu yau? In ya ƙare a tsakiyar wata, ina za mu samu? Wa za mu kira da ƙarfe biyu na dare? Ka kuma lura ko sun haɗa maka da maganin sassauta ciki, domin mofin kusan kullum yana ɗaure ciki, kuma wanda ya ba ka shi bai ambaci haka ba, bai san aikinsa ba.

Sai maganar gaskiya, wadda ita ta fi mana wuya mu Hausawa. Mun saba da "da sauƙi" ko da mutum na gargara. Bayan mun fito daga wancan asibiti, wata maƙwabciya ta haɗa mu da wasu ma'aikatan jinyar sassauci masu zuwa gida. Ranar farko babbarsu ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna daidai kan Kawu, ni ina tafinta. Ba ta fara da bayani ba. Ta ce in tambaye shi, "Baba, kai me kake gani game da ciwon nan?" Kawu ya yi shiru, can ya dube ni ya ce, "Ɗana, gaya mata na san tafiya ce. Ku ne nake ta ɓoye wa." Ashe mako uku muna ɓoye masa yana ɓoye mana. Ma'aikaci nagari ba ya jefa wa majinyaci magana kamar dutse, ba ya kuma yi masa ƙarya. Yakan tambaya ya ji iya abin da mutum ke son sani, ya tsaya nan. Kuma ba ya yanka wa kowa rana, don wannan ba a hannunsa yake ba.

Na uku, a duba yadda suke da masu jinya. A gidajenmu mata ne ke wannan wahala, su wanke, su juya, su kwana a zaune, amma in likita ya zo sai ya yi magana da mai gida a zaure da Faransanci ya tafi. Waɗannan da suka zo mana, matata suka kira suka koya wa yadda ake juya majinyaci duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, da yadda ake jiƙa masa leɓe da goge masa baki in ya daina sha, da yadda ake auna magani da sirinji marar allura. Suka tambaya wa Kawu ya yarda ya ga tsiraicinsa, da aka ce ɗansa, sai suka koya wa ɗan. Ba addininmu ɗaya da su ba, amma su suka fara tambayar ina ne alƙibla kafin a gyara gado, kuma da liman ya shigo sai suka fita tsakar gida suka jira. Wanda ya ce zai yi wa Bahaushe ko Bafulatani jinyar ƙarshe bai tanadi tafinta ba, bai kuma tambayi waɗannan abubuwa ba, ni dai ba zan ba shi makin wucewa ba.

Batun kuɗi gajere ne. A gaya maka abin da za ka kashe a wata tun farko, a kuma iya ce maka "wannan gwajin ba zai ƙara masa komai ba, bar kuɗinka." Wurin da bai taɓa hana ka sayen wani abu ba, ka yi hattara da shi.

Kada kuma in ɗora wa ma'aikata laifi duka in bar mu. Dubiya sunna ce, amma mutum goma sha biyar a ɗaki ɗaya, kowa da maganin da ya zo da shi, wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce a kai shi Kano, majinyaci na son ya yi fitsari kunya ta hana shi, wannan kam ba taimako ba ne. Sai da na tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadin jarrabawa, ina shigar da mutane bibbiyu, wasu har yau ba su huce da ni ba. Ya kamata limamanmu na Birikiteri da Tsinga su taɓa wannan a wa'azi, su kuma ƙara bayyana wa jama'a cewa neman sauƙin ciwo bai saɓa wa tawakkali ba.

Na ajiye wani tsohon littafin rubutu na 'yan makaranta, na ja masa layi kamar rajista, kullum bayan sallar asuba in tambayi Kawu ciwo ya nuna mini da yatsu in rubuta. Ranar farko biyar ya ɗaga, har yana girgiza hannun. A kwana na huɗu ya ɗaga biyu. Daga nan bai ƙara wuce biyu ba sai sau ɗaya, daren da maganin ya ƙare mana saboda sakacina ban je karɓo wani da wuri ba. A cikin waɗannan makonni ya sa na rubuta masa basussukan da ake binsa da waɗanda yake bi, har da kuɗin wani bijimi da ya shekara bakwai yana nauyin tambaya. Ya sa aka kira masa wani ɗan'uwa da suka daɗe ba sa ga-maciji, suka yi magana ta waya kusan awa guda, muka ba su wuri. Ya so a mai da shi Gaundare, ma'aikatan suka ce jikinsa ba zai ɗauki kwanan jirgi ba, suka faɗa masa haka a gabansa, sai aka ɗauko masa matarsa ta zo. Ya cika a ɗakina na zaure wata ranar Laraba da hantsi, kwana 38 bayan zuwansu na farko. Ranar sadakar uku babbar ma'aikaciyar ta zo da ɗankwali a kanta, ta zauna cikin mata, da za ta tafi ta karɓi ragowar kwalbar maganin ta rubuta a littafinta.