MASU KIWON ƘUDAN TSANDO A VOM

Kowane makiyayi ya san ɓarnar ƙudan tsando, wanda cizonsa ke jawo wa shanu sammore, ya sa wa mutane ciwon barci. Amma a Vom, kudu da Jos, an yi waɗansu masana da ba su da wani aiki sai kiwon wannan ƙuda, suna tattalinsa kamar jinjiri.

Vom dai cibiyar likitocin dabbobi ce tun 1924. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta haɗa kai da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, aka buɗe wani shiri a can mai suna BICOT, don a yaƙi tsando da ɗan'uwansa tsando.

Dabarar ta samo asali ne daga halin ƙudan. Tamatarsa ba ta saka ƙwai. Tsutsa guda take haifa wajen kowane kwana 10, kuma galibi barbara ɗaya ke isarta har ta mutu. To, in namijin da ya same ta an riga an kashe masa ƙwayar haihuwa, zuriya ta yanke ke nan.

Saboda haka sai an kiwata ƙudaje dubbai a ɗaki, kuma nan wahalar take. Tsando ba ya cin kome sai jini. Akan ɗora ƙananan kejinansu a jikin ɓeran Masar su sha, ko a zuba jini ƙarƙashin wata fata ta roba, a ɗumama shi daidai ɗumin jikin dabba. Ɗaki kuwa in ya cika zafi ko ya bushe, sai su yi ta mutuwa. Don haka ma'aikaci ba shi da Lahadi, ba shi da ranar Salla.

Bayan wannan sai a ware maza daga mata ɗaya bayan ɗaya, a haska wa mazan hasken gama. Aikin na son a yi shi da awo. In hasken ya yi kaɗan, namiji zai haihu. In ya yi yawa, zai yi laushi, na daji su ƙwace masa mata. Shi ya sa mai bincike kan zauna gaban keji da agogo da littafi, yana rubuta wanda ya fara hawa da tsawon lokacin da ya yi.

An saki mazan a bakin rafuffukan ƙasar Lafiya, wadda a lokacin tana cikin Jihar Filato, bayan an rage na daji da tarkuna. Kafin ƙarshen shekarun 1980 an kawar da irin tsandon da aka nufa daga fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500.

Sai dai daga baya ƙudajen maƙwabta sun sake shigowa. A Unguja ta Zanzibar kuwa, inda teku ta kewaye, wannan dabara ta gama da tsando ƙaf a 1997. Kowace ƙasa da ke shirin bin sawun Vom, wajibi ne ta fara tanadin yadda za ta tsare iyakar filin da ta share.