TAKIN ƁAWO: A DUBA KAFIN A ZUBA

Tun da jama'armu ta Sedgefield da sauran unguwannin Greensboro suka kama 'yan lambuna a gefen gidajensu, ana ta yin tambaya guda. Watau ɓawon dankali, da gutsattsarin kokwamba, da tuƙar tumatir da ake samu daga wuraren gyaran kayan lambu, shin babu laifi mutum ya zuba su a gindin kuɓewa da yakuwa?

To, mai da shara taki ba baƙon abu ba ne gare mu. A Kano, a da, da rani jakuna kan shigo birni da itace, su fita da mangala cike da taki zuwa ƙauyuka. Wani Bature, Michael Mortimore, ya bi ƙauyukan nan cikin shekarun 1960, ya rubuta yadda takin nan ya sa ake noma gona kowace shekara ba hutu. Amma sharar wancan zamani toka ce da kashin awaki da ɓawo. Ta yau kuwa har da leda da mataccen batir. Haka batun yake nan ma: ɓawon kansa ba shi da laifi, abin tsoro shi ne abin da ya biyo shi.

Jihar nan tamu ta Karolina ta Arewa ita ce kan gaba a Amurka wajen noman dankalin Hausa tun 1971, garin Mount Olive kuwa ya yi suna da jiƙa kokwamba tun 1926. Ga abin lura. Kokwamba a ruwan gishiri ake jiƙa ta. Tumatir da dankali kuwa, masana'antu da yawa ba da wuƙa suke fere su ba, tsoma su suke yi a ruwan soda mai zafi, wadda ta fi kanwa ƙarfi nesa ba kusa ba, ɓawon ya saɓule. Wanda ya kwashi irin wannan ya zuba a jar lakar nan ta Guilford, ya jawo wa kansa aiki, gama gishirin soda yana liƙe laka, ruwa ya kasa shiga, shuka ta yi ta ƙuna a bakin ganye mai ita yana tsammani ƙishi ne. Saboda haka tambaya ta fari ga mai ba ka kaya ita ce, da me aka fere shi?

Sa'an nan akwai ƙwayoyin cuta. A 2011 mutum 33 suka mutu a Amurka saboda cin wata irin kankana daga Jihar Kolorado, aka bincika aka tarar cutar a rumfar da ake wanke ta take. Ashe abin da ya fito daga wurin wanki ba lalle ne mai tsabta ba. Maganinsa zafi. Ƙa'idar Gwamnati ga masu yin taki na sayarwa ita ce tsibin ya kai zafin digiri 131 na Faranhait, watau 55 na Selshiyas, ya zauna haka kwana 15, a juya shi sau 5. Ɗan tsibin gida da wuya ya kai haka, sai a haɗa shi da busasshen ganye, a riƙa juyawa, a yi haƙuri har ya yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasa. In an garwaya shi da ɗanyen kashin kaji ko na shanu, ƙa'idar masu noma ba da takin zamani ba ita ce a bar kwana 120 kafin a ɗebi abin da ke taɓa ƙasa, kamar latas da karas, kwana 90 ga irin su masara. Ni dai a ganina mai ba yara ɗanyen salak ya kamata ya bi ta farkon.

Kashin dawaki da ciyawar da ake ƙarawa su ma a yi hankali da su. Akwai magungunan kashe ciyawa da ba su mutuwa ko a cikin dabba ko a tsibi, malaman gona na Jami'ar NC State sun daɗe suna gargaɗi a kansu. Gwajin ba wuya. A sami tukwane shida, uku a sa ƙasa zalla, uku a sa rabi ƙasa rabi taki, a shuka wake. Bayan mako uku, in ganyen masu takin ya nannaɗe ya murɗe, kada a kai takin nan kusa da tumatir.

Mai son ya tabbata, ofishin malaman gona na Guilford yana ba da ɗan kwalin da ake sa ƙasa a aika Ma'aikatar Gona a Raleigh. Daga Afrilu zuwa wajen ƙarshen Nuwamba awon ƙasa kyauta ne ga mazauna jihar, da hunturu ake biya. Suna kuma auna takin kansa, har da yawan gishirinsa, amma wannan da ɗan kuɗi.