Ƙarar Inji Da Haɗari A Wurin Aiki

'Yan uwa, duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Katako a Yamai, ko Suame Magazine a Kumasi, ya san yadda bugun ƙarfe da kukan injin yanka suke cika kunne tun safe har magariba. Da yawanmu mun ɗauka illar wannan ƙara ita ce kurumta idan an tsufa. Alhali tun kafin kunne ya mutu, ƙara tana iya sa ma'aikaci ya rasa yatsa, ko hannu, ko ma ransa.

Ido gaba kawai yake gani, kunne kuwa yana jin abin da ke tahowa ta baya. Idan ƙara ta yi yawa, sai ta danne ihun abokin aiki mai cewa "kauce", ta danne ƙahon motar da ke ja da baya. Haka kuma mai injin niƙa yakan gane bel zai tsinke ne daga canjin kukan injin. In bai ji ba, sai dai ya ga aukuwa.

Sannan ƙara tana gajiyar da ƙwaƙwalwa. Wanda ya wuni cikinta hankalinsa yakan rarrabu, ya riƙa kuskuren da bai saba yi ba, ko a ce masa kashe, ya ji kamar an ce kunna.

Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Hirar mutum biyu tana kai wajen 60. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 85 na tsawon awa 8. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 kuwa minti 15 kacal. In babu na'urar awo, ga gwaji mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tazarar hannu ɗaya da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. A sani kuma, ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun lalace.

Gyara daga inji yake farawa. A sa masa mai, a ɗaure kusoshin da suka saki, a fitar da janareto nesa da masu aiki. A riƙa karɓa-karɓa a kan inji mai ƙara. A sa abin toshe kunne na gaskiya, domin auduga ba ta wadatarwa. Tunda mai toshe kunne ba ya jin kira sosai, a yi yarjejeniya kan alamun hannu, kuma kada a taɓa mutum ta baya yana yanka.

Kai maigida, yaran da iyayensu suka kawo maka koyon sana'a amana ce a hannunka. Allah ya tsare mu, ya sa mu koma gida lafiya. Amin.