Idan Kwamfuta Ta Daina Ganin Faifan Ajiyarta

A ce wani tsohon ɗalibi ya zo neman sakamakonsa, aka ɗauko tsohuwar kwamfutar ofis daga sito aka kunna. Fanka na juyawa, amma allon ya nuna babu faifan da za ta tashi da shi. Sunayen ɗalibai, makin shekara da shekaru, hotunan bikin yaye, duk suna ciki. Nan take wani zai ce, "Shi ke nan, ya mutu." Mai karatu, kada ka yi saurin binne shi. Sau da yawa faifan lafiyarsa lau, hanyar da ke tsakaninsa da kwamfutar ce ta sami matsala.

Faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had disk, ɗan akwatin ƙarfe ne da ke ɗauke da faya-fayai masu maganaɗisu. Kamfanin IBM ne ya fito da na farko a 1956, mai faya-fayai 50, yana ɗaukar haruffa kamar miliyan 5 kacal. Na kwamfutocinmu sukan juya sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Aikinsa ya yi kama da na garmaho, sai dai allurar garmaho tana taɓa faifai, shi kuwa kan da ke karanta wannan shawagi yake yi a kan iska, kusa ƙwarai da faifan amma ba ya taɓa shi. Riƙe wannan, domin shi ne tushen dukan gargaɗin da ke tafe.

Da farko, yi amfani da kunnenka. Kunna kwamfutar ka kasa kunne kusa da faifan. Idan ka ji ya ɗauki juyi yana tafiya sumul, akwai kyakkyawan zato. Idan shiru ne, mai yiwuwa wuta ba ta isa gare shi. Amma idan ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas a jere, ko ƙarar gurza, kashe nan da nan. Alama ce cewa kan karatun ya kasa aiki ko yana kartar faifan, kuma kowane sake kunnawa ƙara ɓarna yake yi.

Na biyu, duba wayoyi. Zare kwamfutar daga soket, ka taɓa ƙarfen akwatinta tukuna, musamman da hunturu, domin wutar nan da ke yin tartsatsi in ka tuɓe rigar sanyi tana iya ƙona kayan ciki. Tsofaffin faya-fayai, nau'in IDE, suna da faffaɗar waya mai ramuka 40, da jan layi a gefe ɗaya, wanda yawanci yakan fuskanci wajen wayar wuta. Nau'in SATA, wanda ya shigo kasuwa a 2003, siririyar waya gare shi. Zare kowace, ka kakkaɓe ƙura, ka duba ko wani tsinke ya lanƙwashe, ka mayar da kyau. In da hali, gwada wata wayar.

Na uku, idan nau'in IDE ne, akwai 'yar hular roba a bayansa da ke nuna matsayinsa, an rubuta MA, SL ko CS a gefenta. Faifai biyu kan yi tarayya a waya ɗaya, to in duka biyun aka sa su a MA, kamar an naɗa shugabannin ɗalibai biyu ne a kujera ɗaya: kwamfuta na iya ƙin ganin kowannensu.

Na huɗu, shiga BIOS, wato tsarin da kwamfuta ke farawa da shi, ta danna Del ko F2 da zarar an kunna. Duba ko sunan faifan ya fito. In ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya ƙare, kwamfutar ta manta saitinta. Sauya shi, ka umarce ta ta sake neman faifan da kanta.

Idan duk wannan bai yi ba, cire faifan ka haɗa shi da wata kwamfuta ta na'urar USB da aka yi domin haka. Babban faifai mai inci 3.5 yana bukatar wuta ta dabam mai bolt 12, USB kaɗai ba ta iya juya shi. A nan ne mutane da yawa suke yi wa kansu. Windows na iya nuna kalmar Format ko Initialize tana neman izini. Kada ka yarda, domin rubutu za ta yi a kan abin da kake nema. In ya buɗe kuwa, kwashe muhimman takardu tun a zaman farko. Ba ka da tabbacin zai sake buɗewa gobe.

Abu uku ne ba a yi: ba a bubbuga shi, ba a sa shi a firji, ba a kwance murfinsa. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin kan karatu da faifai girma nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙwararru suke buɗe shi a ɗaki mai tatacciyar iska kaɗai. Garin neman gira kada a rasa ido.

A ƙarshe, kowane faifai yana da ranar gajiyarsa. Duk takardar da makaranta ba za ta iya jure rashinta ba, a ajiye ta wuri uku: a kwamfuta, a wani faifan dabam, da kuma wani waje da ba ginin ofis ba. Ɗalibin da zai dawo neman sakamakonsa bayan shekara 20, yau ne ake yi masa tanadi.