Taki da Ruwan da Suka Dace da Shukar Tukunya

Shukar gona tana iya miƙa saiwarta nesa neman abinci da danshi, amma wadda aka dasa a tukunya ba ta da wannan dama. Abin da aka zuba mata, shi kaɗai za ta ci, kuma idan ya yi yawa ba ta da wurin gudu.

Sinadarai uku ne tsiro ya fi buƙata. Naitirojin shi ke sa ganye ya yi kore shar, fosfaras yana ƙarfafa saiwa, fotashiyam kuwa yana taimaka wa fure da 'ya'ya. Su ne ake nufi da lambobin 15-15-15 da ke jikin buhun takin zamani na NPK. Takin yuriya kuma naitirojin kawai ke cikinsa, har kashi 46 cikin 100, saboda haka yakan ba da ganye lif-lif, fure ya yi ƙaranci.

Yawan taki yana iya kashe shukar tukunya. Takin zamani dangin gishiri ne. Ruwa kuwa, bisa ɗabi'arsa, yakan ratsa fatar ƙwayar halitta daga ɓangaren da gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya fi yawa. Idan gishirin ƙasar tukunya ya fi na cikin saiwa, sai ruwa ya riƙa fita daga saiwar maimakon ya shiga. Nan sai a ga shuka ta yi yaushi, bakin ganyenta ya ƙone, alhali ƙasar a jiƙe take. Mai ita kuma, cikin rashin sani, sai ya ƙara mata taki! Ƙaramin cokalin shayi guda a narke cikin lita 4 na ruwa ya wadatar, sau ɗaya a mako biyu ko uku, kuma a kan ƙasa mai danshi. Takin gargajiya ya fi sauƙin haɗari, muddin ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi.

Ruwan sama ya fi kowane ruwa dacewa, domin kusan babu gishiri a cikinsa. Na famfo ma yana yi, kuma idan ya kwana a buɗaɗɗen bokiti, yawancin kulorin ɗinsa yakan fice. Ruwan zartsi da ruwan wanki mai sabulu su ne abin gudu. Ruwa yakan bi iska ya bar gishirinsa, shi ne farin ɓawon da ake gani a bakin tukunya, musamman da hunturu. Irin wannan ƙasa mai kanwa-kanwa takan hana tsiro shan sinadarin ƙarfe, sai sababbin ganye su yi rawaya, jijiyoyinsu na nan kore. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara rawaya, galibi naitirojin ne ya gaza.

Saiwa ma tana numfashi, don haka dole tukunya ta kasance da huji a gindi. Ta yumɓu ta fi ta roba shigar iska, sai dai ta fi saurin bushewa. Kafin ban ruwa a tura yatsa cikin ƙasa kimanin santimita 2 zuwa 3. Idan da danshi a dakata, idan kuwa ta bushe a zuba har ruwa ya ɗiga ta hujin, domin ya tafi da gishirin da ya taru.